Shin Tsare Lokaci Rowa Ce?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo, tambaya ce da wani matashi ya yi mini bayan sallar Asuba, ranar da babban limaminmu ya yi tafiya ni na ja salla. Yaron yana gyaran waya a kasuwar Wunti, ba nisa da shagona. Ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya amma ina jin nauyi." Na ce, "Faɗi ɗana, ai ba a jin kunya wajen neman sani."

Ya ce wata uku ke nan da ya tsara wa kansa yini. Ƙarfe 8 ya buɗe rumfa, bayan Magariba yana zuwa karatu, ƙarfe 10 ya kwanta. Ya daina zaman majalisa da dare, in an kira shi hira da rana yakan ce yana da aiki a hannu. To yanzu abokansa sun sa shi gaba. Wasu na cewa ya zama Bature, wasu na cewa girman kai ya shige shi, wani ma ya ce masa wanda ya yi rowar lokacinsa ya fi mai rowar kuɗi muni. "Malam, don Allah na yi laifi ne?"

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Amsa tana bakina, amma na san ni kaina ban tsira daga wannan magana ba, kuma bai kamata mutum ya yi fatawa kan ciwon da yake ɓoyewa a jikinsa ba. Bari in fara da nawa.

Shekarun baya akwai wani tela da nake ba shi shadda da yadi bashi, in ya ɗinka ya sayar ya kawo. Mutumin kirki ne, mun fi shekara 10 muna hulɗa. Ina da littafin bashi, amma rubutu sai na ga dama. In ya kawo kuɗi ina cikin hira sai in zuba a aljihu in ce anjima zan rubuta. Anjiman nan ba ta zuwa. Allah Ya yi masa rasuwa ba zato. Da aka zo rabon gado, ƙaninsa ya zo shagona ya ce an san akwai bashina a kan mamacin, nawa ne a fitar kafin a raba? Wallahi na buɗe littafi na rasa abin faɗa. Ko naira 40,000 ce ta rage ko 70,000, ban sani ba. In na faɗi mai yawa, ina tsoron cin dukiyar marayu. In na faɗi kaɗan na karɓa, zuciyata ba za ta daina lissafin sauran ba. Sai na ce na yafe. Jama'a suka yi ta sa mini albarka, ana cewa Liman ya yi halin girma. Ni kuwa na san sakacina ne ya yi yafiyar. Abin da ya fi ci mini rai, ni ne mai karanta wa mutane cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Na san hukuncin, ina da niyyar bi, ban dai ware masa lokaci ba.

A nan na fara gane bambancin niyya da sabo. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san hadisin farko a Arba'una ta Imamu Nawawi kan niyya yake magana, kuma gaskiya ne aiki bai da daraja sai da ita. Amma niyya ba ta da ƙafa. In ba ka ba ta lokaci sananne da wuri sananne ba, za ta tsufa a zuciyarka ba ta taɓa fita ba. Mu nawa ne muka yi niyyar sauke Alƙur'ani bayan azumi? Mu nawa muka yi niyyar zuwa duba gwaggo a Azare ko Misau tun bara? Ba wanda ya yi ƙarya a niyyarsa. Abin da ya faru, wani abu da ya riga ya zama sabo ya cinye wurin. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma ni na ga turken nan yana ɗaure mai wayo ma. Abin da mai hankali zai iya, ya zaɓi inda zai kafa turken.

Mu da ke wannan unguwa ya kamata mu fi kowa fahimtar haka, domin jikokin matafiya ne. Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa wannan gari a 1809, mutanenmu ke gangarowa daga Kano da Katsina da Zazzau da fatauci da sana'a. Wasu sun biyo jirgin ƙasa da ya iso a farkon shekarun 1960, wasu sun zo bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni suke yi a ƙafa da jakuna, kuma ba a yin ta da ka. Akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba. Kafin ayari ya tashi an san zangon da za a kwana, an san inda ruwa yake. Ana ɗaura kaya tun da duhu don a ci tafiya kafin rana ta take. Ayarin da ya tsaya hira a kowace inuwa, dare zai same shi a daji. Ba wanda ya taɓa ce wa madugu mai girman kai don ya ce a tashi.

Mu ma yininmu an riga an yanka mana shi zango-zango. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Ba mu sayi wannan tsari a wurin kowa ba, kuma ba ya bukatar caji. Malamanmu na da sun gina rayuwa a kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a littafinsa Bidayatul Hidaya ya bi yinin mutum daga farkawa har kwanciya yana nuna abin da ya dace da kowane tsakani. Har lissafi ya yi, cewa mai barcin awa 8 kullum in ya shekara 60 ya ba barci shekara 20. To bari ni ma in yi nawa lissafin irin na ɗan kasuwa. Awa 2 kowane dare a kan waya ko a benci, a shekara awa 730 ke nan, wato kwana 30 da 'yan kai, dare da rana. Wata guda cur. Muna girmama watan azumi muna cewa kada a bar ko dare ɗaya ya wuce, alhali kowace shekara muna zubar da wata guda ba mu ji a jikinmu ba.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Za su ce, Liman, gobe ta Allah ce, wa ya san zai kai? Wannan tsare-tsare ai ƙarancin tawakkali ne. Ina girmama masu wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shirin shekara 14 ya yi wa mutanen Masar, 7 na tarawa 7 na ci, kuma ba wanda ya fi annabawa tawakkali. Mun kuma san labarin mutumin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Gobe ta Allah ce, haka ne. Yau ma tasa ce, kuma ita ce Ya damƙa a hannunka. Abin da nake tsoro shi ne yadda muka mayar da "in sha Allahu" mafaka. Tela ya ce in sha Allahu Laraba, alhali ya san bai ko yanka ba. Mu 'yan kasuwa mu ce in sha Allahu kaya na hanya, alhali ba mu tura kuɗi ba. Wannan kalma an ba mu ita ne don mu tuna ikon ba namu ba ne bayan mun yi iya namu. Sa ta gaban alkawarin da ba ka shirya cikawa ba, rashin ladabi ne ga Mai sunan.

Amma maganar abokan yaron nan ta fi wannan nauyi, kuma kada mu yi saurin watsar da ita. Suna cewa zumunci a ƙafa yake. Suna cewa abin da ya riƙe unguwa irin tamu, inda kowa asalinsa wani gari ne, shi ne ana zama da juna. A benci ake jin wane ba shi da lafiya, a nan ake jin wane an kore shi daga gidan haya, a nan ake haɗa kuɗin asibiti. In kowa ya rufe ƙofa ya ce yana da tsari, ranar da gobara ta tashi wa zai fito da bokiti? Wannan gaskiya ce. Ni ma na saurari irin bayanan da matasa ke ji a waya, na masu koyar da yadda za ka ci ribar lokaci. Akwai amfani a ciki, amma na lura da yawansu sun ginu ne a kan cewa lokacinka naka ne kai kaɗai, mutane kuwa masu katse maka aiki ne. Musulmi ba zai iya ɗaukar wannan yadda yake ba. Maƙwabcin da ya buga maka ƙofa ƙarfe 2 na dare matarsa na naƙuda, bai katse maka komai ba. Shi ne aikin.

To ina mafita? Ni inda na same ta, labarin Salmanu da Abu Darda'i ne da ke cikin Buhari. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar iyalinsa. Sai ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, jikinsa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, kowa a ba shi nasa. Manzon Allah ya gaskata Salmanu. Ku lura, ibada ce ma ta cinye lokacin Abu Darda'i, amma aka ce ya rage. To ina ga hira?

Daga nan na fahimci lokaci kamar dukiyar gado yake. Yana hannunka, amma akwai masu rabo a ciki, kuma ba duka ne ke iya magana ba. Abokin hira yana da murya, in ba ka zo ba zai kira ka. Waya tana da murya, ba ta ma yin shiru. Mai biki zai aiko da kati, ya biyo da saƙo. Amma tsohuwarka da ke ɗaki ba za ta kira ka ta ce ka yi kwana 9 ba ka leƙo ba, kawaici ba zai bar ta ba. Yaronka ɗan aji 3 ba zai ce Baba zo ka duba allona ba. Maiɗakinka ta gaji da faɗa ta yi shiru. Jikinka ba ya magana sai ranar da hawan jini ya kayar da kai. Wanda ke binka bashi yana jin nauyinka. Littafin shago ba ya kuka. Mutumin da bai tsara lokacinsa ba yana ganin shi mai sakin hannu ne, kowa ya zo ya samu. A gaskiya masu ƙarfin murya ne ke kwashe rabon, marasa murya su tashi a tutar babu. Da a rabon gado aka yi haka, sunansa zalunci.

Saboda haka amsata ita ce, tsare lokaci yana zama rowa in ka tsare shi don kanka kaɗai, ka tara, ka hana. In kuwa ka tsare shi ne don kowane mai haƙƙi ya sami nasa, wannan adalci ne. Ma'aunin mai sauƙi ne. Awa 2 ɗin da ka janye daga majalisa, ina ka kai su? In karatu ka kai su da iyali da barcin da zai tashe ka Asuba, ka yi daidai. In ɗaki ka shige da su kana kallon waya kai kaɗai, to abokanka sun fi ka gaskiya, gara ma benci.

Bari in faɗi abin da ni na gwada, ba don na iya ba, sai don kada a ce Liman ya yi wa'azi ya tsere. Ban yi wa kaina dogon jadawali ba, na gwada sau biyu ya rushe cikin mako. Abin da ya zauna shi ne ɗaura kowane aiki a jikin salla. Da na sallame La'asar na koma shago, kafin in amsa wa kowa, sai na rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ko da mai saye na tsaye. Minti 10 ne. Tun daga rasuwar telan nan ban sake kwana da bashin da ban rubuta ba. Bayan Isha'i waya tana kwana a aljihun rigar da na rataye, ƙararta a buɗe saboda larura, amma ba ta hawa shimfiɗa. Dalili kuwa, akwai ranar da na makara jama'a suna jirana a sahu, wani dattijo ya riƙe hannuna bayan salla ya ce, "Liman, wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban sake ba. Bayan sallar Juma'a ba na komawa kasuwa sai na biya wajen tsohuwa na zauna, ba gaisuwar tsaye ba. Sarin kaya a Kantin Kwari kuwa, da nakan tafi Kano duk lokacin da wani abu ya yanke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya koya mini hankali. Yanzu ina rubuta abin da ke ƙarewa, in tafi sau ɗaya a wata. Da sanyin safiya ake kama fara.

Majalisa ban bar ta ba. Ina zama tsakanin Magariba da Isha'i a ranakun da ba ni da karatu, in ji lafiyar kowa, kiran salla ya tashe mu. Ta'aziyya ina zuwa da wuri, in yi addu'a, in tambaya ko akwai abin da za a yi, in tashi. Wuni a ƙofar gidan mamaci ana hirar siyasa, har masu makoki su shiga neman abin da za su ciyar da mu, ban ga ladan da ke ciki ba. Sunna ma cewa ta yi a kai musu abinci.

Akwai abu biyu da zan ja hankali a kai don kada maganata ta zama sanda. Na farko, ba kowa ke da iko da yininsa daidai da wani ba. Ni mai shago ne, ina iya cewa ƙarfe kaza zan yi kaza. Mai tuƙa Keke da ke da balas a wuyansa kullum, da lebura mai jiran a ɗauke shi a Muda Lawal, da tela ko mai walda da aikinsa ke jiran a kawo wuta, ba haka suke ba. Matanmu kuwa, yininsu a hannun kowa yake, daga yara har mu. Kada mai hali ya dubi waɗannan ya ce rashin tsari ne ya hana su ci gaba. Abin da ke kansu shi ne ɗan abin da ya rage a hannunsu, ko minti 15 ne, kuma hadisin Nana A'isha ya nuna mana ƙaramin aiki mai ɗorewa yana da girma a wurin Allah. Abin da ke kanmu kuma, kada mu zama mu ne ɓarayin lokacinsu. In ka ce wa lebura ƙarfe 9, ka zo ƙarfe 9. In an sa ɗaurin aure ƙarfe 11, kada a shanya mutane har Azahar ana jiran wani babba. In ka ce wa maiɗakinka za ka kawo cefane da safe, kada ta hura wuta ta zauna jira. Mutum yakan yafe kuɗi a mayar masa, amma wanda ka cinye wa wuni ba ka da inda za ka samo ka biya shi.

Na biyu, tsari bawa ne, kada ya zama ubangida. Ranar da aka yi rasuwa a unguwa, littafin shago ya jira. Ranar da baƙo ya sauka daga nesa, karatun dare ya jira. Wanda ya ƙi tsayawa ya taimaki wanda ya faɗi a hanya don kada jadawalinsa ya ɓaci, ya manta dalilin da ya sa ya yi jadawalin. Abin da na gani ma, mai tsari shi ya fi samun sararin taimako. Wanda ya gama aikinsa tun da hantsi, in aka kira shi asibiti da yamma zai tafi hankali kwance. Wanda ya tara aikin kwana 4 a kansa, ko ya je jikinsa ne kawai a wurin.

Ranar Juma'a yaron ya same ni a shago. Na ce masa, "Ɗana, ba ka yi laifi ba, ka riƙe karatunka da barcinka. Amma abokanka ma ba maƙiyanka ba ne, kewarka suke yi, ba su dai iya faɗa ba. Ka ware musu dare ɗaya a mako ka zauna da su da zuciya ɗaya. In ɗayansu ya kwanta ciwo, ka riga kowa zuwa. In ka yi haka wata 6 suka ci gaba da ce maka Bature, ka zo ka faɗa mini." Ya yi dariya ya ce, "To Baba, na gode." Sai na tambaye shi yaushe rabonsa da zuwa gaida mahaifiyarsa a ƙauye. Ya sunkuyar da kai ya ce tun Babbar Salla. Na ce to a jadawalin nan naka, ita za ka fara rubutawa.

Allah Ya sa albarka a kwanakinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu kafin ranar da za a tambaye mu yadda muka ƙarar da su. Wanda ya ga kuskure a maganata ya same ni a masallaci ko a shago ya gyara mini, amma don Allah ban da minti 10 na bayan La'asar. Wassalamu alaikum.